Dundufar Masu Walda

Ni ba mai son hayaniya ba ce, kuma ba a cikinta na tashi ba. Gidanmu na can bayan Kwadon, inda iyayena suka gaji da yawo suka zauna, suka kama noma da 'yan shanun da suka rage musu. In ka ji ƙara a wurinmu, to ko saniya ce ke neman ɗan maraƙinta, ko mata ne ke daka. Sai ga shi Allah ya ɗauko ni ya ba mai walda a cikin garin Gombe, a unguwar Dawaki, a gidan da bangon ɗakina shi ne bangon gareji. Wanda ya tsara ginin nan bai yi shawara da mace ba.

Lokacin kuwa gari ya buɗe. Kuɗin mai sun shigo ƙasa, mai ɗan hali ya sayi babur, wanda ya fi shi ya sayi mota, kuma duk abin da aka saya sai ya karye ya zo bayan ɗakina. Amare sun daina yarda da gadon kara, sai na ƙarfe mai rumfa. Masu gini na son ƙyaure da taga na ƙarfe. Da aka mayar da tuƙi hannun dama, motocin haya suka yi layi har bakin titi, ana yanke musu ƙofa ana mayar da ita ɗaya gefen. Daga fitowar rana har magariba bugu ake yi. Injin gurza ƙarfe, wanda suke kira giranda, in ya fara ihu har a haƙorana nake jin sa. Na yi kuka a shekarar farko, na taɓa yin yaji ma aka dawo da ni, daga baya dai na koyi magana da ƙarfi. Har yau jikokina cewa suke faɗa nake musu, alhali gaisuwarsu nake amsawa.

Da tafiya ta yi tafiya sai kunnena ya waye. Ina tsakar gida ina tankaɗe nakan san ko gado ake haɗawa ko ƙofar mota ake yankewa. Nakan bambance gudumar maigidana da ta sauran, har in gane ranar da yake cikin nishaɗi da ranar da wani mai mota ya ɓata masa rai, tun kafin ya shigo ya nemi ruwa.

Maigidana ɗan maƙera ne gaba da baya. Kakanninsa daga ƙasar Kano suka zo da zuga-zuginsu, suka kafa maƙera a unguwar Madaki. Mahaifinsa na nan a lokacin, gajeren tsoho mai faɗin kafaɗa, wanda ba ya maimaita magana. Manoman ƙauyukan da ke kewaye da Gombe wurinsa suke zuwa neman fartanya da lauje da gatari. Ya so babban ɗansa, wato maigidana, ya gaje shi. Babban ɗan kuwa wata rana ya ga wani Bayarabe yana haɗa ƙarfe da wutar lantarki a wajen tashar jirgi, ya tsaya kallo, daga kallon nan hankalinsa bai ƙara komawa kan zuga-zugi ba. Ya bar maƙera ya bi walda.

Ba su yi faɗa ba, kada in yi musu ƙarya. Kowace Juma'a maigida na zuwa Madaki ya durƙusa ya gaishe shi, in salla ta zo ya kai masa shadda, tsoho ya karɓa ya sa albarka. Amma bai taɓa taka garejin ba. In zai zo gidanmu sai ya zagayo ta bayan layi don kada ya wuce ta gabansa. In aka tambaye shi 'ya'yansa maza, sai ya ce yana da maƙeri ɗaya, wato ƙanen maigida, da mai liƙi ɗaya. Cewa yake ƙira ita ce ka sa ƙarfe a wuta har ya yi laushi ya bi abin da ka ce masa, amma abin da ɗansa ke yi aikin gyartai ne, bambancin kawai shi ba ƙwarya yake ɗinkewa ba. Maigida yakan yi dariya in an faɗi haka a gabansa. Ni da nake ɗaki ɗaya da shi na san abin na cin sa.

Na haifi mata biyu a jere, ba wata magana da ta taso. Na ukun ya zo namiji. A gidansu kuwa in an haifi namiji, ranar suna akan kira masu dundufa, dogayen gangunan nan da ba a kaɗa wa kowa sai maƙera. A zamanin kowace sana'a da kiɗanta: mahauta na da kalangu, manoma na da gangarsu, maƙera na da dundufa. In an kaɗa wa jariri ita, an shaida wa gari ke nan cewa ɗan gidan ƙira ne, shi da ubansa. An kaɗa wa maigida, an kaɗa wa ƙanensa, an kaɗa wa 'ya'yan ƙanen nasa ina gani da idona. Abin da maigida ke so ke nan a yi wa ɗansa, kuma na san ba don jaririn kaɗai yake so ba.

Washegarin haihuwa ya aika wa babban makaɗin da goro. Kafin la'asar goron ya dawo a ƙunshinsa, ko ɗaya ba a taɓa ba. Saƙon da ya biyo shi mai ladabi ne: su ba sa zuwa sai kakan yaro ya kira su, haka suka gada. Maigida ya wanke hannu, ya sa riga, ya tafi Madaki. Da ya dawo ya zauna bakin gado ya daɗe yana kallon jaririn. Na tambaye shi me Baba ya ce.

"Ya ce Allah ya raya. Ya ce zai zo suna, shi zai kawo rago."

"Dundufa fa?"

"Na yi masa maganar. Sai ya tambaye ni ko na ji gawayi ya yi tsada bana."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Ga zafin ruwan wanka, ga wannan. Goggona, ƙanwar mahaifina da ta zo daga Kwadon don ta kula da ni a jego, ta ce in kama bakina, maganar maza ce. Ita a wurinta ba a rasa komai ba, don ba ta ga abin da jariri zai yi da ganga ba. Ni kuwa ina jin gudumar maigida ta bayan bango duk yinin nan, tana sauka ba ƙarfi kamar ta mai zazzaɓi.

A garejin akwai wani Batangale, ɗan wata ƙabila ta kudancin Gombe, mai gyaran jikin mota, wanda in mota ta lotsa shi ke bubbuga ta har ta miƙe. Abokin maigida ne tun suna koyon aiki. Dogo ne, ga murya ga dariya, kuma a cocinsu shi ke buga ganga ranar Lahadi. Tagar ɗakina ta ƙarfe ce mai 'yan ramuka, maigida ya yi ta da hannunsa, kuma cikin gareji take kallo. Ta nan na ji Batangalen na cewa:

"Oga, su riƙe gangansu mana. Mu ba mu da ƙarfe ne? Duk ƙarfen Gombe a nan yake kwana. Mu yi ma yaro kiɗi da kayanmu, shi ke nan."

Maigida ya ce a'a, kuma da gaske yake. Ya ce tsoho zai ɗauka izgili ake yi wa dundufa, a gaban liman da mutanen unguwa, daga nan ko gaisuwar Juma'ar ma sai ta gagara. Gara a yi addu'a, a raba goro, kowa ya kama gabansa. Gaskiya ya faɗa, na sani. Amma da ya fita sayo ƙarfe sai na matsa jikin taga na yi gyaran murya. Ban saba magana da mazan gareji ba, sai da na cije.

"Mai guduma," na ce, don haka nake kiransa.

"Na'am, uwargida! Yaya baƙonmu?"

"Yana lafiya. Abin da ka faɗa ɗazu, za ka iya?"

"Ko yanzu kika ce a fara."

"To ɗana ba zai shigo duniya shiru kamar kayan sata ba. Ku buga. In magana ta taso ku ce ni na sa ku."

Goggo ta riƙe haɓa, ta faɗi wata magana da Fulatanci wadda ba zan rubuta a nan ba.

Daga ranar, duk sanda maigida ya ba da baya sai gareji ya koma wani abu dabam. Ina leƙe ina ganin komai. Batangalen ya jera duro-duro na mai da babu komai a cikinsu, ya zuba wa wasu ruwa don muryarsu ta sauka. Ya rataye sifirin na babbar mota, dogayen ƙarafan nan da ke ɗauke da nauyinta, a reshen dogonyaro, dogo da gajere, kowanne da irin kukansa. Ya samo ƙarfen taya irin wanda ake bugawa a makaranta in an tashi. Mai facin taya ya zuba notuna a gwangwanin madara ya mayar da shi caki. Bakanike ya ɗauko tsohuwar salansa yana hurawa, tana fitar da wani kuka irin na jakin da aka ɗaure a rana. Wani ya ɗora zarto a kan langa-langa yana ja. Giranda kuwa Batangalen ya riƙe wa kansa, ya danna ta a jikin ƙarfe ya ɗaga, ya danna ya ɗaga, injin huda ƙarfe na gurnani a ƙarƙashinta.

Farkon abin ba ya sauraruwa. Kajina suka ƙaura gidan maƙwabta. Maƙwabciyar ta aiko a tambaya ko mota ce ta ƙwace ta faɗa gareji. 'Yan matana biyu suka rinƙa yawo da yatsu a kunne. Amma a hankali sai tarkacen nan suka fara jin maganar juna. Wata safiya ina shan kunun kanwa na ga ƙafar goggo na motsi a ƙarƙashin zane.

"Goggo, rawa kike?"

"Sauro ne," in ji ta.

Jaririn kuwa barcinsa yake sha. In sun tsaya ne ma yake farkawa ya tsala kuka, don tun yana ciki ya saba da su. Maigida ya ga sifirin a rataye a bishiya ya tambaya, aka ce masa fenti za a yi musu. Ya shigo ɗaki ya dube ni, ni kuma na dubi jariri na ce ina jin kamarsa ɗaya da shi.

Ranar suna tun da sassafe aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, gefen gareji. Tsoho ya zo da ragonsa da ƙanen maigida da wasu dattawan maƙera na Madaki. Ya zaɓi wurin da zai ba gareji baya ya zauna. Ni ina ɗaki an yi mini lalle an ɗaura mini sabon zane, amma idona na jikin taga. Goggo ta ce surukina na waje, ba ni da kunya ne? Na ce ai ba ya ganina. Liman ya yi addu'a, maroƙi ya ɗaga murya ya faɗi sunan yaro, aka shafa, maigida ya fara zagayawa da faifan goro. Tsoho ya jawo takalmansa, ya sa ƙafa ɗaya. A daidai nan giranda ta tsala ihu.

Tartsatsi ya tashi jawur har rassan dogonyaro. Masu duro suka amsa, dum, dum, har tagar da nake jingine da ita na rawa. Sifirin suka shigo da siririyar muryarsu, cakin notuna na biye da su, salansa ta yi kukanta, zarto na kai da komo a kan langa-langa. Wani direban babbar mota da ya kawo gyara ya haye motarsa ya rinƙa danna ham daidai inda ya kamata. Ban san sunan wannan kiɗa ba, ban kuma ƙara jin irinsa ba sai a tsufana, ranar da wani jikana ya kunna mini wani abu a waya ya ce Turawa ne ke kiɗa da tarkacen ƙarfe da injuna, wai sabon salo. Na ce masa a bayan ɗakina aka fara.

Yara suka ɓullo daga kowane lungu. Matan da ke tsakar gida suka bar tukwane a kan wuta suka cika zaure. Batangalen na danna giranda yana waƙa da muryar nan tasa:

"Ɗan mai walda, jikan mai ƙira, sannu da zuwa, ƙarfe na gaishe ka!"

Ni dai ba makaɗan nake kallo ba, mutum biyu nake kallo. Tsoho na zaune, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu, fuska a murtuke. Maigida na tsaye da faifan goro, ya kasa gaba ya kasa baya. Na ga ya ɗago ya dubi tagata. A lokacin ne tsoro ya kama ni sosai. Na ce a raina, shi ke nan, da zafin kaina na raba mutumin nan da ɗan abin da ya rage tsakaninsa da ubansa.

Batangalen ya miƙa wa mai faci giranda, ya zo ya karɓe faifan goro daga hannun maigida, ya danƙa masa babbar guduma, ya ja shi har gaban guntun ƙarfen dogo da suke miƙe ƙarfe a kansa. Maigida ya ga abin ya riga ya faru. Ya sunkuyar da kai ya fara bugawa, ina jin don kada ya haɗa ido da mahaifinsa ne kawai.

Sai aka ɗauke wuta. A zamanin ma ana ɗaukewa, kada yaran yanzu su ce a kansu aka fara. Giranda ta yi ƙasa da murya ta mutu, injin huda ya bi ta. Masu duro da masu sifirin, da yake giranda suke bi, suka rikice suka tsaya ɗaya bayan ɗaya. Ya rage guduma ɗaya ke tashi, ta maigida. Kansa na ƙasa, bai lura sauran sun yi shiru ba.

Bugun da yake yi ba irin na sauran ba ne. Ya buga, ya dakata, ya buga, ya dakata. Na gane shi, don ina jin sa duk sanda na je Madaki gaisuwa. A maƙera ba mutum ɗaya ke bugu ba. Babba na riƙe da jan ƙarfe a awartaki da ƙaramar guduma a ɗaya hannun, ya ɗan taɓa wurin da yake so, sai mai masaba, wato babbar gudumar, ya sauke a daidai wurin. Kamar lugude ne in mata biyu na daka a turmi ɗaya, in wannan ta ɗaga waccan ta sauke. Hannun maigida ya koma bugun mai masaba da ya koya tun yana yaro, yana barin gurbin ƙaramar guduma ba tare da ya sani ba. Duk macen da ta taɓa lugude ta san yadda gurbin nan ke damun kunne in abokiyar daka ta tafi ta bar ki.

Na ga yatsan tsoho na motsi a kan takalmin da ke hannunsa. Ya daure. Ya kau da kai ya dubi liman, liman ya dubi ƙasa. Ya sake daurewa. Can sai ya ja wani dogon tsaki, ya yar da takalmin, ya miƙe, ya tsallake kwata ya shiga gareji da takalmi a ƙafa ɗaya. Maigida ya ga ƙafafun ubansa a gabansa, ya tsaya cak.

"Wa ya ce ka tsaya?" in ji tsoho.

Ya nufi teburin da suke zube gudumomi ya fara ɗagawa yana jinjinawa. Ta farko ya ce ta fasa goruba ce. Ta biyu ya tambaya wa ya yi mata ƙota, ko a duhu aka yi. Ya bi su duka ya zage su tas. Batangalen ya durƙusa ya miƙa masa tasa, 'yar ƙarama wadda ba ya ba kowa aro.

"Baba, gwada wannan."

Tsoho ya juya ta ya ce, "Da dama-dama." Ya tattare babbar rigarsa ya saɓa a kafaɗa, ya tsuguna gaban ƙarfen dogo, ya ɗan taɓa shi, tin. Maigida ya sauke, dum. Tin, dum. Tin, dum.

"Sake hannu, ba ƙwai kake fasawa ba!"

Maigida ya saki hannu. Ƙanensa ya cire hula ya ba na kusa da shi, ya ɗauki wata guduma ya shiga, suka zama uku, bugun ya ƙara sauri. Ɗaya daga cikin dattawan Madaki, wanda da sanda ya zo, ya fara kaɗa kai, can sai ga shi tsaye yana taka rawa sandar na ƙasa. Batangalen ya yi wa masu duro alama da ido suka shigo a hankali, sifirin suka biyo, caki ya biyo. Wannan karon tsoho kowa ke bi. Sai a lokacin na ji abin ya zauna daram, na ji shi har cikin ƙirjina.

Ana cikin haka aka dawo da wuta. Girandar da mai faci ya ajiye a ƙasa bai kashe ba ta zabura, ta ƙwala ihu ta fara tsalle tana zagaya gareji. Mutane suka watse. Maroƙi ya haye kan duro, liman ya tattare rigarsa ya yi zaure da saurin da ban san yana da shi ba, mata suka dare masa suna salati. Tsoho ko ɗaga kai bai yi ba. Batangalen ya cafko ta zai kashe, sai tsoho ya yi masa magana hannunsa bai daina bugu ba.

"Kar ka kashe. Shigo da ita. Amma ta bi bayan guduma, ba ita ce babba ba."

Haka aka yi. Giranda ta rinƙa jira sai gudumomi uku sun sauka sannan ta rangaɗa tata, tartsatsi na zuba a bayan tsoho, shi kuma gumi na bin gemunsa. Daɗi ya kama ni har na manta ni mai jego ce, na manta surukina ne a wurin. Na sa baki a ramin taga na yi guɗa iya ƙarfina. Goggo ta ɗaka mini duka a baya ta ce na zubar mata da mutunci. Da na waiwaya sai na gan ta da jariri a kafaɗa tana zagaya ɗaki, kuma wannan karon ba ta ce sauro ba ne.

Ba su tsaya ba sai da liman ya aiko a ce azahar ta yi. Masu fiɗar rago sun bar wuƙa sun zo kallo, tuwo ya kama a tukunya, ba wanda ya damu. Aka nemo wa tsoho ɗaya takalminsa a cikin kwata aka wanke masa. Ya mayar wa Batangalen gudumarsa ya ce masa ya rage shafa mai a ƙota, tana sulɓi. Na ga ya ja maigida gefe ya yi masa gajeriyar magana, sannan ya tafi. Ta gaban gareji ya bi.

Da la'asar ɗakina cike yake da mata 'yan suna, ba halin maigida ya shigo. Sai na ji an ƙwanƙwasa taga ta waje.

"Kina nan?"

"Ina zan je?"

"Ke kika sa su."

"Ni ce."

Na shirya wa faɗa, har na tanadi amsa. Sai ya ce, "Baba ya ce gobe kada in karɓi aikin kowa."

"Don me?"

"Bai faɗa ba."

Washegari da hantsi, goggo ta gama yi mini wanka ke nan, na ji ƙarar amalanke da muryar tsoho yana yi wa mai turawa faɗa ya kula da rami. Na koma taga. Wani abu ne a kan amalanken lulluɓe da buhu, tsoho na tafe a gefe hannunsa a kai. Suka shigo har tsakiyar gareji. Da ya yaye buhun sai na ga maigida ya ja da baya. Uwar maƙera ce, ƙarfen nan da ake ɗora komai a kansa a buga, da kututturen da aka kafa ta a ciki. Ita kakanninsu suka zo da ita daga Kano, kuma tun da aka kafa ta a Madaki ba ta taɓa fita ba.

Tsoho ya nuna masa wuyanta. Ko daga taga ina hango tsagar. Ashe tun daminar bara ta tsage, ya rinƙa lallaɓa ta yana bugu a gefe guda, ya kuma hana ƙanen maigida faɗa wa kowa.

"Wutar gawayi ba ta kai cikinta," in ji shi. "An ce taku na kaiwa. Duba. In ba za ka iya ba ka faɗa mini."

Maigida ya durƙusa ya bi tsagar da yatsa daga sama har ƙasa.

"Zan iya, Baba."

Batangalen ya mirgino taya ya shimfiɗa buhu a kai, tsoho ya zauna. Aka ba shi baƙin gilashin da ake kare ido, ya juya shi ya leƙa rana da shi ya ce ba laifi. Sannan ya ɗaga murya, ba tare da ya dubi kowa ba.

"A gaya wa mai leƙen tagar nan ta ba da abokina a fito da shi zaure. Ba sai ya gani ba, ya dai ji. Yau ubansa zai yi wa gidanmu ƙira."

Kunya ta kama ni kamar in nutse, amma ban taɓa jin daɗi irin na safiyar nan ba. Na miƙa wa goggo jariri, na koma na ci gaba da leƙena, tun da dai an riga an san da ni. Maigida ya kunna inji, ya ɗauki sandar walda, ya rufe fuskarsa da abin kare ido. Ya daɗe a durƙushe bai sa wuta ba, kafaɗunsa na motsi. Duk garejin aka yi tsit. Tsoho ya ɗora gilashi a gwiwa yana jira, bai ce masa ya yi sauri ba.